Yayyena biyu na da taɓin hankali, masu bincike na son jinin gidanmu

Anti, barka da aiki. Shekaruna 24, mu takwas ne a wurin Babanmu. Yayyena maza biyu suna fama da taɓin hankali. Babban ya fara yana aji biyu a jami'a, ya riƙa cewa da shi ake magana a rediyo. Na biyun ya bi bayansa da shekara huɗu. Mun sha zaga gidajen malamai da masu magani kafin mu dangana da asibiti, likita ya ce sunan ciwon sikizofiriniya. Ƙanen kakanmu na wajen uba ma an ce a mari ya rasu. Watan jiya, a asibitin da suke karɓar magani, wasu masu bincike suka ce suna neman gidajen da ciwon ya kama fiye da mutum ɗaya, suna so su ɗebi jinin kowa don nazarin gado. Baba ya ce sam, ba za a rubuta sunan gidansa a littafin mahaukata ba, kuma shi bai manta da abin da aka yi wa yara a Kano ba. Umma tana so, ta ce ko Allah zai sa a dace da maganin da zai raba su da ciwon. Ni kuma an sa ranata da ɗan Gwaggona, ƙanwar Baba, sai ga Gwaggon ta fara jan ƙafa, wai kar a haifa mata jikoki irin haka. Ina so a auna ni a gaya mata lafiyata ƙalau. In je a ɓoye in ba da jinin?

Daga ƙanwarki, a sakaya sunana.

Ƙanwata, Allah Ya ba yayyenki lafiya, Ya ba Umma ladan jinya. Kar ki je a ɓoye. Ba don tsoron Baba kaɗai na ce haka ba, abin da za ki je nema ne babu shi a can. Ko jinin jikinki duka suka ɗiba, babu likitan da zai miƙo miki takardar da za ki kai wa Gwaggo ki ce ga shaida.

Na san inda kika samo tunanin. Mun saba da awon jinotayif kafin ɗaurin aure: a ce wannan AA ne, wannan AS, in AS ya auri AS kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Lissafin na fita tas ne saboda sikila daga ƙwayar gado guda ɗaya take. Masana sun daɗe suna fatan sikizofiriniya ma haka za ta kasance, sun yi ta neman ƙwaya ɗayar nan ba su same ta ba. A 2014 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta duniya ta sanar da wurare 108 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da alaƙa da ciwon. A 2022, bayan sun kwatanta masu ciwon fiye da 76,000 da masu lafiya fiye da 243,000, wuraren suka kai 287. Kowanne ɗan ƙanƙanin abu yake ƙarawa. Ki ɗauka kowa na yawo da mudunsa, kowane ɗayan wuraren nan ƙwayar gero ce. Babu wanda mudunsa ba komai, har ni, har Gwaggo. Na wani ya fi na wani cika, kuma da alama na gidanku ya yi nauyi, amma akwai masu cikakken mudu da suka tsufa da hankalinsu, akwai kuma waɗanda nasu bai kai rabi ba ciwon ya kama su. Shi ya sa likitoci ba sa amfani da wannan lissafin su ce wa mutum ɗaya zai kamu ko ba zai kamu ba.

Akwai wasu 'yan sauye-sauye masu ƙarfi, kamar gutsurewar wani yanki na kuromosom na 22, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ke kamuwa. Amma ba su cika faruwa ba, kuma shi wannan yakan zo da wasu alamu tun yarinta, irin su matsalar zuciya ko tsagewar ganɗa. Mafi yawan gidaje ba shi ne labarinsu ba.

In kina son ganin iyakar gado, duba tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai guda, gadonsu iri ɗaya. A Denmak an bi diddigin tagwaye fiye da 30,000, aka buga sakamakon a 2018: a cikin masu kama ɗaya, in ɗaya na da ciwon, a kashi 33 cikin 100 kawai ɗan'uwan ya kamu. Tsofaffin bincike sun kai abin kusan rabi. Ko wanne kika ɗauka, rabi ko fiye na waɗanda gadonsu daidai yake da na mai ciwon sun tsira. To ina ga ke da kika raba rabin gado kawai da yayyenki?

Wani masani Ba'amurke, Irving Gottesman, ya tattara binciken iyalai na Turai na shekaru da yawa ya fitar da alƙaluman da har yau ake koyar da ɗaliban likitanci, a 1991. A cikin jama'a gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwarsa. Wanda ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ke da ciwon, 9 cikin 100. Ɗan mai ciwon, 13. Ɗan ƙanwarsa ko ɗan ƙanensa, wato matsayin da 'ya'yanki za su kasance, 4. Ɗan baffa ko ɗan gwaggo, 2. Ba zan ɓoye miki ba, waɗannan na gidan da mutum ɗaya ya kamu ne, in biyu ne adadin na hawa. Kuma mata sukan fara a makare fiye da maza, sau da yawa daga ƙarshen shekaru ashirin zuwa farkon talatin, don haka ba ki wuce lokacin ba tukuna. Duk da haka ki juya lissafin ki karanta shi ta ɗaya gefen: mafi yawan ƙannen masu ciwon ba sa kamuwa, kuma 'ya'yansu sun fi su nisa da shi.

Sai fatan Umma. Shi ne ya fi taɓa ni a wasiƙarki, kuma shi ne ya kamata a yi wa gaskiya tun yanzu, kar ta ba da jini ta zauna jiran kira. Akwai wani gida a jihar Kolorado ta Amurka, gidan Galvin. 'Ya'ya 12 suka haifa tsakanin 1945 da 1965, maza goma mata biyu, shida daga cikin mazan suka kamu da wannan ciwo. A shekarun 1980 wata likita mai suna Lynn DeLisi, wadda ta duƙufa neman irin waɗannan gidaje, ta ɗebi jininsu. Sai a 2016 aka buga cewa an gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna SHANK2 a gidan. Shekara kusan talatin ke nan, wasu daga cikin masu ciwon sun riga mu gidan gaskiya kafin amsar ta zo, kuma amsar ba ta zo da ƙwayar magani ba. Haka aikin yake tafiya. Magungunan da ake bayarwa a asibitocinmu, tsatsonsu na komawa ga Largactil da aka fara gwadawa a Faransa a 1952, tun ba a san komai ba game da waɗannan wurare 287.

Ba wai binciken aikin banza ba ne. A 2016 masana a jami'ar Harvard sun nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna C4 na da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke rage mahaɗan jijiyoyinta lokacin balaga, kuma in ragewar ta yi yawa haɗarin ciwon na ƙaruwa. Wannan ya ba da haske kan abin da ke ba iyaye mamaki, yaro ya tashi lafiya, ga ƙoƙari a makaranta, sai ya kai samartaka a ga ya canza. Daga irin wannan fahimtar ake sa ran sabbin magunguna. Amma amfaninsu zai fi isa ga jikokin Umma fiye da 'ya'yanta. In za ta bayar, ta bayar da niyyar sadaka.

Akwai wani alheri da binciken iyalai ya riga ya yi wa iyaye mata, ki gaya mata shi. Tun daga 1948 wasu likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka riƙa ɗora laifin ciwon kan uwa, wai rashin iya renonta ne. Sai a 1966 Leonard Heston ya bibiyi yara 47 da aka raba da uwayensu masu ciwon tun suna jarirai, wasu suka rene su. Biyar suka kamu. A cikin yara 50 da aka rena a irin wannan yanayi amma uwayensu lafiyayyu ne, ko ɗaya bai kamu ba. Daga nan zancen reno ya fara mutuwa. Mu a nan ba mu cika cewa reno ba, mun fi cewa kishiya ta yi jifa, ko a ce jinin dangin uwa ne. Na san uwaye da yawa na kwana da tambayar me suka yi ba daidai ba. Babu abin da Umma ta yi. Sai dai a kula kar a sauke laifin daga kanta a ɗora wa dangin Baba saboda ƙanen kaka. Kowane ɗa rabi daga uwa yake ɗauka, rabi daga uba, kuma ba wanda ya zaɓi abin da ya bayar.

Shi kuwa Baba, kar ki ɗauke shi wanda bai waye ba. Abin da yake tunawa ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Akwai bambanci, ki nuna masa cikin ladabi: can magani aka ba yara, nan jini ko yawu za a ɗiba, ba abin da za a sa wa kowa a jiki. Amma ɗaya tsoron nasa, na suna, shi ma yana da tarihi, kuma a kan wannan ciwon ne ma. 'Yan ƙabilar Havasupai, wata ƙaramar al'umma ta asalin mazauna Amurka a jihar Arizona, sun ba masu bincike na jami'ar jihar jininsu tun daga 1990 da fahimtar cewa ciwon suga za a duba, don ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen nazarin sikizofiriniya, da auren dangi, da asalin inda suka fito. Suka kai ƙara. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne takardar amincewa mai faɗi, wadda aka sa wa hannu ba a tsaya an tambayi iyakarta ba.

Saboda haka kafin kowa ya miƙa hannu a ɗaura masa roba, ku karɓi takardar bayanin binciken ku zo da ita gida. Ku nemi ta Hausa, a karanta wa Baba da Umma a zaune, ba a barandar asibiti ana kiran lamba ba. In a Najeriya kuke, tun 2007 akwai ƙa'idar ƙasa ta binciken lafiya, kuma dole kwamitin ɗa'a ya amince da kowane bincike kafin a taɓa mutum. Ku ce a nuna muku shaidar amincewar da lambar wayar kwamitin. Ku tambaya sunanku za a rubuta a jikin kwalbar ko lamba, kuma wa ke riƙe da littafin da ya haɗa lambar da sunan. Ina za a kai jinin, nan zai tsaya ko waje za a fitar, shekara nawa za a ajiye, kuma za a iya ba wasu su yi wani binciken daban da shi? In kun canza ra'ayi bayan wata shida, za a zubar? In an ga wani abu da ba a je nema ba, kamar haɗarin wata cutar, za a gaya muku ko shiru za a yi? Sannan tambayar da na san ita ce a ran Baba ko bai faɗa ba: za su zo gida ne? Don mota mai tambarin asibitin ƙwaƙwalwa a ƙofar gida, da mutane masu farin kaya suna shiga zaure da akwatin sanyi, ta fi kowace takarda tona asiri a unguwa. Kuna da damar cewa a asibiti kawai za ku haɗu.

Mai bincike na ƙwarai zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce ku dai sa hannu za a yi bayani daga baya, ko ya nuna cewa shiga binciken zai sa a fi kula da yayyenki, ku tashi ku ba shi wuri. Ƙin shiga ba ya rage musu komai a maganinsu da ganin likitansu. Kuɗin da za a bayar ma na mota ne da ɓata lokaci, in ya yi yawan da zai sa talaka ya kasa cewa a'a, abin dubawa ne.

A wasiƙarki kin faɗi ra'ayin Baba, da na Umma, da naki. Ban ji na yayyenki ba, alhali jininsu ne aka fi so. Manya ne. Mai wannan ciwo in yana shan magani ya natsu, yana fahimtar bayani kuma yana da ikon cewa e ko a'a. A wani bincike da aka yi kan al'ummar Kosa a Afirka ta Kudu, sai da masu binciken suka riƙa yi wa mutum tambayoyi su tabbatar ya gane abin da zai sa wa hannu, in bai gane ba a sake bayani. Haka ya kamata a yi musu, a ranar da suke cikin natsuwa, ba wanda ya tsaya musu a ka. Mutumin da aka daɗe ana yanke masa hukunci kan abincinsa da fitarsa da kuɗinsa, a bar masa wannan.

In kin tambayi ra'ayina, in amsoshin sun gamsar, ina ganin shiga alheri ne. Kusan duk abin da aka sani kan gadon wannan ciwo daga jinin Turawa aka samo shi, sai na mutanen gabashin Asiya, kuma lissafin da aka gina a kansu ba ya aiki sosai a kan baƙar fata. Binciken na Kosa, da aka buga a 2020 da masu ciwo kusan 900 da masu lafiya kusan 900, shi ne na farko mai girma irinsa a Afirka. An kuma tattara yawun dubun-dubatar mutane a Habasha, Kenya, Uganda da Afirka ta Kudu. In ba a sa mu a ciki ba, maganin da zai fito ba da mu aka auna shi ba. Amma wannan bai kai a raba gida a kansa ba. Ke baliga ce, doka ta ba ki ikon ba da naki, sai dai jininki labarin gidanku duka yake ɗauke da shi, kuma in Baba ya ji daga bakin wani, amanar da kuke buƙata wajen jinyar yayyenki ce za ta tsage. Ki roƙi shugaban binciken ya zauna da Baba, ko ki sa wani babba da Baba ke jin nauyinsa ya raka shi. In ya ji komai ya ce a'a, a bar shi.

Maganar aure daban take, kuma ita ce ainihin damuwarki. Abin da ya ba ni dariya, ba ta mugunta ba, shi ne Gwaggo: ƙanen kakan nan da ya rasu a mari baffanta ne. Jinin da take gudu yana jikinta, yana jikin ɗanta, ko wa ya aura. Amma kar mu yi mata dariya mu wuce, don tsoronta na da ƙamshin gaskiya ta wata fuskar da ita ba ta nufa ba. Ke da ɗanta kakanni ɗaya kuka haɗa, kuma ta ɓangaren da ciwon ya taɓa bayyana, don haka 'ya'yanku na iya ɗaukar abu iri ɗaya ta hanya biyu. Wani bincike a Ailan ta Arewa a 2018 ya ga cewa 'ya'yan auren zumunci na kusa sun ninka sauran wajen karɓar magungunan irin wannan ciwo, ko da yake irin waɗannan 'ya'ya ba su da yawa a binciken. Ninki biyu na ƙaramin adadi har yanzu ƙarami ne, amma ba sifili ba ne, kuma ya fi na auren bare.

Ba zan ce ki fasa ba. In kuna son juna, ya san halin yayyenki ido da ido, ya ji waɗannan alƙaluma ya ce ya ji ya gani, rinjaye na wajen 'ya'yanku su tashi lafiya. In kuwa haɗin manya ne kawai, ke ba ki damu ba shi bai damu ba, ga uwar miji ta fara ƙorafi tun kafin a kai lefe, ki tambayi kanki yadda zaman zai kasance ranar da yaronki ya yi zazzaɓi mai zafi ya yi surutai, wane kallo za ta yi miki. Ba ki ce min komai ba game da abin da shi saurayin ya ce. Wannan shirun nake so ki cike kafin komai.

Akwai kuma abubuwan da ke hannunku, waɗanda ba sa jiran sakamakon kowa. Wiwi na ƙara haɗarin wannan ciwo, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya kuma akwai shi a gidansu, don haka ƙannenki maza su ji wannan da babbar murya. Lafiyar ciki ma na da tasiri: 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945 sun ninka sauran kamuwa, kuma wahalar haihuwa da ke hana jariri iska na cikin abubuwan da ke ƙara haɗari. In Allah Ya kawo rabo, ki riƙe awo, ki ci da kyau, ki haihu a asibiti. Ku kuma san alamun farko, ku da kuka gan su sau biyu: janyewa daga mutane, rashin barci, zargin kowa, daina wanka, faɗuwa a karatu ba dalili. Wanda aka kai asibiti da wuri ya fi samun sauƙi fiye da wanda aka yi shekara ana zagaye da shi. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita a mako guda.

Ranar da yayyenki za su koma asibiti, ki bi su. Ki nemi likitan da ke duba su, ba masu binciken ba, ya ba ki lokaci na daban ke da saurayin. Ku je da sunayen dangi har zuwa kakanni, da wanda ya yi ciwo da shekarun da ya fara, ya zana muku su a takarda ya faɗa muku inda kuka tsaya. In Gwaggo za ta yarda ta zo, ku zo da ita.